Yadda zaka gano abin da ke jawo wa ɗanka cin zali a ƙaramar sakandare, da matakan da zaka bi

Tun da aka koma makaranta iyaye ke ta yi min tambaya iri ɗaya, musamman waɗanda yaransu suka shiga JSS1 bana: yaro ya canza, baya son zuwa makaranta, ana zargin wasu ne ke cin zalinsa, toh daga ina za a fara? Amsata a taƙaice ita ce kada ka fara da zuwa makaranta kana faɗa. Ka fara da gano abin da ke hura wutar, domin cin zali baya tsayawa kan yaro ɗaya mara kunya, akwai wurin da ake yinsa, akwai lokacin da ake yinsa, akwai wanda ya ba mai yin ƙarfi, akwai kuma masu kallo suna dariya. In ka hukunta yaron ka bar waɗannan, wata biyu wani zai gaje shi. Ga yadda ake bi, kuma dan Allah a bi a jere.

1. Ka tabbatar cin zali ne

Ba duk faɗan yara bane cin zali. Sa'o'i biyu su kaure da dambe kan ƙwallo gobe ka gansu tare suna cin awara, wannan faɗa ne. Cin zali sai abu uku sun haɗu: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ta yadda na ƙasan ba zai iya kare kansa ba. Ƙarfin nan ba lallai na jiki ba, zai iya zama yawan abokai, ko muƙamin firifet, ko kuɗin gidansu, ko kawai shekara biyu da ya girme shi.

Abin da zaka duba a jikin yaron da kayansa: ciwon ciki ko ciwon kai da baya tashi sai safiyar Litinin, dawowa gida da yunwa alhali an bashi kuɗin tara, biro da littafi da sandal suna ɓata kullum, riga a yage yace ƙusa ce, maki ya faɗi ba dalili, fitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da dainawa. Ɗan makarantar kwana kuwa ka lura da firobishin ɗinsa, in garin kwaki da sukari da madarar da ya kamata su kai shi wata ɗaya sun ƙare cikin sati, ba shi kaɗai ke ci ba. Sannan ranar komawa, akwai kukan kewar gida akwai kukan tsoro, uwa ta san bambancinsu.

Gargaɗi: kada ka ce ai ba tabo a jikinsa don haka ba komai. Na 'yan mata yawanci baya barin tabo. Wariya ce, a daina yi mata magana gaba ɗaya, in ta zo zama a tashi, a ƙulla mata sharri a yaɗa a aji.

2. Zama da yaron

Ka zaɓi lokacin da ba kowa, ba gaban ƙannensa ba, ba kuma yana shigowa daga makaranta ba. A hanya cikin mota ko bayan isha'i ya fi, in yarinya ce lokacin da uwa ke yi mata kitso ko suna aikin kicin, don yaro ya fi sakin baki in ba a tsare shi da ido ba.

Kada ka ce "ana cin zalinka ne?" Zai ce a'a. Ka zagayo. "Da wa kake zama lokacin tara?" "A makarantarku wane wuri ne baka son bi?" "Akwai wanda ake yawan tsokana a ajinku?" Sau da yawa zai fara da labarin wani yaro, ka barshi ya ci gaba, wani lokacin wani yaron nan shi ne. In ya fara magana ka rufe bakinka ka saurara har ya gama ko da zuciyarka na tafasa, domin in ya ga ranka ya ɓaci kana cewa wallahi gobe sai na je, zai tsorata ya janye maganar, shi abin da yake tsoro kenan tun farko, a ce masa ɗan rahoto a ninka masa.

Kalmomi uku da ke rufe bakin yaro har abada, a kiyaye su: "kai ma me ka yi musu?", "kai ba namiji bane?", da "haka muka sha mu ma a zamaninmu". Abin da yake buƙatar ji shi ne, "ka kyauta da ka faɗa min, ba laifinka bane, kuma ba zan yi komai ba sai na gaya maka tukuna." Sannan ka cika wannan alkawarin.

Gargaɗi: "in ya dake ka ka rama" shawara ce mai haɗari a nan. Ɗan JSS1 mai shekara 11 ko 12 ba zai rama wa ɗan SS3 mai 17 ba, in kuma sa'ansa ne da ke da gungu a bayansa, su biyar za su taru a kansa bayan an tashi, kuma a ofis a rubuta shi a matsayin wanda ya fara.

3. Ka rubuta komai

Kayan aikin ba yawa: ƙaramin littafin rubutu guda ɗaya da wayarka. Kowane abu da ya faru ka sa rana, lokaci, wuri, wa ya yi, me ya yi ko ya ce, su wa ke wurin. In akwai rauni ka ɗauki hoto ranar, da haske, sannan ka kai shi asibiti a duba a rubuta a kati, ko da ƙaramin asibitin unguwa ne, kuɗin kati da na mota ne kawai za su fita a aljihunka amma wannan takardar ita ce ke hana a ce maka ai faɗuwa ya yi. In ta waya ce, a guruf ɗin aji na WhatsApp ko a TikTok, ka ɗauki sikirinshot yadda lamba da rana za su fito kafin a goge.

Gargaɗi: kada ka ɗora hoton raunin ko bidiyon a Facebook don neman tausayi. Yaronka ne zai koma cikin waɗanda suka kalla, kuma abin da ya hau intanet baya sauka.

4. Gano abin da ke hura wutar

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke tsallakewa. Ka buɗe littafin nan ka karanta abin da ka tara na sati ɗaya ko biyu, zaka ga abu yana maimaita kansa.

Fara da wuri da lokaci. Da wuya a ci zalin yaro a gaban malami. Ana yi a bayan banɗaki, bakin famfo wajen layin ɗibar ruwa, layin abinci a dainin, ajin da malami bai shigo ba, hanyar gida bayan an tashi, da uwa uba hostal bayan an kashe fitila. Akwai makarantun gwamnati da aji ɗaya zaka samu yara tamanin ko ɗari, malami ko sunayensu bai riƙe ba balle ya san wa ke kuka a bencin baya. In duk abin da ka rubuta wuri ɗaya yake nunawa, toh ka gano rabin matsalar, babu babba a wurin.

Sai ikon da aka ba siniyoyi. Wannan shi ne babba a makarantun kwana namu. Malamai sun yi kaɗan, sai a miƙa wa yara 'yan shekara 16 da 17 hostal gaba ɗaya, su ke tada mutane, su ke raba aiki, su ke hukunci. Yaron da aka ba bulala ba a koya masa adalci ba, kuma shi ma an yi masa yana juniya yana jiran ranarsa. Sai kaga ɗan JSS1 yana wankin kayan mutum huɗu, yana ɗebo ruwan wankan siniya kafin asuba, a aike shi da naira ɗari ya sayo abin ɗari biyar ya kawo canji, in ya kasa a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne har ƙafarsa ta riƙe. Abin da ya sa wannan ke da wuyar kamawa shi ne kowa na kiransa horo ko al'adar makaranta, har tsofaffin ɗalibai suna ba da labarinsa da alfahari. Ni dai ban yarda ba. Horo yana da laifin da aka yi, yana da iyaka, akwai babban da ya san da shi. Abin da ba shi da waɗannan ukun zalunci ne ko wane suna aka sa masa.

Sai abin da ya bambanta yaron da sauran. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin wata guda, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuma abin ya kai kashi 48 cikin ɗari, kuma dalilin da yara suka fi ambata shi ne kamannin jiki. A wajenmu ka san su: mai ƙiba, ɗan ƙarami, zabiya, mai in'ina, mai sikila da baya iya aikin ƙarfi, yarinyar da ta riga sa'o'inta girma, wanda ya zo daga ƙauye harshensa ya bambanta, wanda ba Bahaushe ba ko addininsa daban a cikin aji, wanda yunifom ɗinsa ya koɗe, ko akasin haka ɗan gatan da ake kawo wa kaya niƙi-niƙi ranar ziyara. Shekarun JSS kuwa su ne lokacin da jiki ke canzawa, kowa na neman gungun da zai shiga, kuma hanya mafi sauƙi ta shiga gungu ita ce a samu wanda za a haɗu a yi wa dariya. Ka gane wannan don ka san inda za a kare shi, kada ka mayar da shi laifinsa. Yaron da ba shi da aboki ko ɗaya shi aka fi samu, don haka ka tambaya da kyau ko yana da wanda suke tafiya tare.

Sai 'yan kallo. Mai cin zali don mutane yake yi. Ku tuna bidiyon da ya yaɗu a watan Afrilun 2024 daga wata makarantar kuɗi a Abuja, ana marin ɗaliba wasu na tsaye suna kallo wani na ɗauka a waya, har sai da aka rufe makarantar na kwana uku. Makarantar masu hali ce, kaga ba maganar talauci bace kawai. In aji na dariya abin zai ci gaba, in mutum biyu uku suka ce kai bari, yawanci yana mutuwa.

Sai malami kansa, kuma wannan da nauyi a faɗa amma gaskiya ce. Laƙabi da yawa daga bakin malami suke fitowa. Ya kira yaro daƙiƙi ko ya kwaikwayi in'inarsa sau ɗaya aji ya fashe da dariya, shikenan an ba da lasisi, sunan zai bi shi har ya gama makarantar.

Na ƙarshe gida da unguwa. Yaron da ake jibga a gida, ko yake ganin ana dukan uwarsa, ko yayyensa ke mu'amala da 'yan daba, ya koyi cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Akwai kuma wanda ba duka a gidansu amma ba a taɓa ce masa bari ba. Rikicin manya ma yana bin yara makaranta, faɗan maƙwabta ko na 'yan uba. Waya kuma ta sa abin baya ƙarewa da ƙararrawar tashi, yana biyo yaro har kan katifarsa.

Ka ja layi ƙarƙashin guda ɗaya ko biyu da suka fi fitowa a naka lamarin. Da su zaka tafi makaranta.

5. Zuwa makaranta, daga ƙasa zuwa sama

Ka gaya wa yaron zaka je. Ka fara da fom masta, in ta kwana ce hausmasta ko matiron, in akwai malamin ba da shawara a haɗa da shi. Kada ka tsallake su ka faɗa ofishin firinsifal, don ƙarshe su za a mayar wa maganar kuma ka riga ka ɓata da su. Sai dai in malamin shi ne matsalar, ko raunin mai tsanani ne, nan kai tsaye sama.

Ka je da littafinka da takarda rubutacciya kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ka riƙe. Ka yi magana a natse: "Malam, ga abin da ke faruwa, ranar kaza da ranar kaza, duk a bakin famfo ne bayan an tashi daga karatun firef. Me za mu yi a kai, kuma yaushe zan dawo in ji?" Ka nemi a sa rana, sati ɗaya ya isa. Ka roƙi kada a ce ɗanka ne ya kawo ƙara, malami mai dabara zai je wurin da kansa ya kama abin da idonsa.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka tare yaron da ake zargi a bakin get ka mare shi ko ka tsorata shi, ko ka tura yayyen ɗanka, daga nan kai ne mai laifi kuma faɗan ya koma na unguwa. Sannan kada ka yarda a kira su biyu gaban asambili a ce su gaisa su yafe wa juna. Sulhu tsakanin sa'o'i ake yi. Wanda ake zalunta zai ce ya yafe don tsoro, da dare kuma ya biya kuɗin tonon asirin.

6. Ka nemi gyaran da ya dace da dalilin

In wuri ne, a sa malamin juti ya riƙa zagayawa wurin a wannan lokacin, a gyara fitilar hostal, a raba wa ƙanana lokacin ɗibar ruwa daban. In siniyoyi ne, a raba ɗakin kwanan 'yan JSS da na manya, a karɓe bulala daga hannun firifet, hukunci ya koma hannun malami kuma a rubuta shi. In kaɗaici ne, a canza masa wurin zama kusa da yara masu hankali, a sa shi cikin wani abu da yake iyawa, ƙwallo ko muhawara ko musabaƙa, aboki ɗaya na kirki yana rage abin sosai. In 'yan kallo ne, aji gaba ɗaya za a yi wa magana ba tare da kiran suna ba, kuma malamin addini na da abin faɗa a nan, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi ƙarara. A sa akwatin ƙorafi a inda yaro zai jefa takarda ba a ganshi ba, ba a ƙofar ofis ba, kuma a riƙa buɗewa. Yawancin waɗannan ba sa cin ko sisi, wanda ke cin kuɗi kamar fitila ko ƙofa a kai shi taron PTA.

Bulala ashirin ga mai laifin a gaban kowa tana sanyaya zuciyar uba, na sani, amma ita kaɗai bata gyara komai, ƙara tabbatar masa take yi cewa mai ƙarfi ke duka.

7. In makaranta ta yi biris

Ranar da aka sa ta wuce ba labari, sai firinsifal, a rubuce. Daga nan shugaban PTA ko kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma da ke sa ido kan yadda ake tafiyar da makaranta. In har yanzu shiru, makarantar jiha ka kai ofishin ilimi na shiyya ko ma'aikatar ilimi, ta kuɗi akwai sashen da ke kula da makarantu masu zaman kansu a jiha, ta tarayya kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofisoshi a jihohi kuma kai ƙorafi wurinta kyauta ne. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da jihohi da dama suka yi irin tasu, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ga abin da ya shafi barazana ta waya.

Gargaɗi mafi girma: in akwai karaya, makami, tilasta shan wani abu, taɓa yaro ta hanyar lalata, ko yaron ya fara maganar gara ya mutu, babu bin layi. Ka ɗauke shi ranar, asibiti, sannan 'yan sanda. Kada kunya ko roƙon a rufa asiri su sa ka yi shiru, kuma kada a barshi shi kaɗai a kwanakin.

8. In ɗanka ne ke yi

Wata rana kai za a kira. Kada ka ce ɗana ba zai aikata ba kafin ka ji, kada kuma ka kama shi da duka a wurin. Ka tambaye shi me ya faru, ka ji ko shi ma wani ke yi masa, don da yawa suna karɓa daga sama su sauke a ƙasa. Ya mayar da abin da ya ƙwace daga kuɗinsa, ya ba da haƙuri ba a gaban taro ba, a karɓe waya ko muƙamin na wani lokaci. Sannan ka koma mataki na 4 ka duba gidanka da idon gaskiya, yadda ake yi wa 'yar aiki da almajirin gida magana a gabansa, da yadda yayyensa ke yi masa.

9. Bibiya, da maganar canjin makaranta

Bayan an ce an gyara, ka ci gaba da tambaya duk sati har ƙarshen zango, domin sau da yawa abin lafawa yake yi ya dawo ta wata hanyar, duka ya koma wariya. Ka riƙe lambar fom masta, ɗan kwana kuma kada ka fasa ranar ziyara, in ka je ka ja shi gefe ku kaɗai ka duba bayansa da ƙafafunsa.

Canjin makaranta shi ne mafi tsada cikin duka, sabon yunifom, littattafai, kuɗin rajista, wani lokacin da asarar kuɗin zangon da ka riga ka biya, in kuma yana JSS3 akwai rajistar jarrabawar BECE da za ta iya rikicewa, don haka ka tambayi sabuwar makarantar wannan tun kafin ka cire shi. Amma in shugabannin sun nuna maka sunan makaranta ya fi musu lafiyar ɗanka, ka cire shi kawai. Kafin ka biya a sabuwar ka tambaye su abu uku: wa ke kwana a hostal cikin malamai, firifet na da izinin duka ko babu, kuma ina yaro ke kai ƙara in an taɓa shi. Ka nemi a nuna maka banɗaki da ɗakin kwanan 'yan JSS1 da idonka, sannan ka samu wani uba ko uwa da ɗansu ke ciki ka tambaye su a waje.